KAJI MASU SARAN JUNA: DARASI A KAN KIWON GIDA

Darasinmu na wannan wata a kan kaza ne. Kada kowa ya rena shi. A gidaje da yawa na ƙasar Wurno da Rabah da Goronyo kaza ita ce asusun uwargida. Ita ce kuɗin littafin yaro, ita ce kuɗin magani ran da zazzaɓi ya shigo gida da tsakar dare, ita ce kuma mai fid da maigida kunyar baƙo. Wanda ya rasa kaji goma cikin mako ɗaya ya san ba ƙaramar hasara ya yi ba.

Mun saba da ɓarnar shirwa da muzuru, mun kuma saba da annobar da ta kan share kaji da hunturu. Amma akwai wata ɓarna wadda ba daga waje ta ke zuwa ba. Mai kiwo ya buɗe akurki da safe, sai ya tarar da kaza ɗaya ta raɓe a lungu, an fige mata gashin baya, jini yana tsattsafowa, sauran kuwa suna binta suna sara. Kashegari biyu ne. Kafin mako ya kewayo ya ɗauki gawa, an huda mata gindi har hanji ya fito. Waɗansu su kan ce bakin mutane ne, waɗansu su ce mugun iri aka sayar musu. Ba haka ba ne. Abin yana da dalili, yana kuma da magani. Ga kan darasin, sai ku riƙe shi da kyau: mikin a jikin kaza ya ke, amma cutar a akurki ta ke. Wanda ya yi jiyyar kaza ya bar akurki yadda ya ke, ya kashe maciji ne bai sare kai ba.

ME YA SA ABIN YA YAWAITA?

Kakanninmu ba su sha wannan wahala sosai ba, gama kajinsu a sake su ke. Kazar Hausa ta kan fita da sassafe, ta bi garke da bola da gindin rumbu, tana tono, tana tsintar tsaba da ƙwari da ɗanyen ganye, ba ta komo akurki sai magariba. In wata ta kai mata sara, sai ta kauce, gama fili yana da yawa. Yanzu kuwa abubuwa uku sun sake.

Na fari, noman rani. Kwarin Rima wurin lambu ne tun da daɗewa, balle tun da aka gama madatsar ruwa ta Goronyo a 1984. Inda a ke rainon irin albasa da tafarnuwa kusa da gida, ko a ke shanyar shinkafa a ƙofar gida, ba wanda ya ke so ya ga kazar maƙwabci. Domin gudun rigima sai a kulle kaji, ba lokacin shuka kaɗai ba, har da rani.

Na biyu, kajin gidan gona. Yau a kan kawo 'yan tsakin kwana ɗaya cikin kwali, 50 a kowane kwali, daga wuraren ƙyanƙyasa na Ibadan da waɗansu garuruwa. Mutum ya kan saya da nufin ya sayar gab da Kirsimeti ko Salla. Irin waɗannan sun fi kajin Hausa saurin girma da nauyi, ba su kuwa da uwa mai koya musu gudun shirwa, saboda haka a kulle su ke zama.

Na uku, rashin zaman lafiya. A watan Yuli na 2018 'yan bindiga suka far wa Tabanni a ƙasar Rabah, mutane suka gudo Gandi. Daga nan ƙauyuka da yawa na gabashin Sakkwato sun sha irin wannan, mutanensu suka komo cikin gari wurin dangi. Shanu da tumaki a kan kore su, amma kaza a kan sa ta a kwando a taho da ita. Sai ka tarar iyali uku a gida ɗaya, kajin iyali uku kuma a akurki ɗaya.

Dukan ukun nan wuri ɗaya suka nufa: kaji sun yi yawa, wuri ya yi kaɗan.

HALIN KAZA

Kafin mu yi maganar magani, sai mu san halin wadda mu ke kiwo. Sara iri biyu ne, ya kamata mai kiwo ya iya rarrabe su.

Iri na fari saran neman girma ne. Wani mutumin ƙasar Norwe mai suna Thorleif Schjelderup-Ebbe ya yi ta kallon kaji tun yana yaro, a 1922 kuwa ya buga abin da ya gani. Ya nuna kowane garken kaji yana da babba da ƙarami. Akwai wadda ta ke saran kowa ba mai saranta, akwai ta biye da ita, har a kai ga ta ƙarshe wadda kowa ya ke sara. Irin wannan sara a kai da zanko ya kan sauka. In kowace ta san matsayinta, akwai kuma wurin kaucewa, faɗan ba ya daɗewa. Amma in aka kawo baƙuwa daga kasuwar Acida aka jefa ta cikinsu da rana tsaka, ko aka haɗa manya da ƙanana, ko wurin ya matse har ta ƙasa ba ta da inda za ta gudu, sai a yi jini.

Iri na biyu shi ne figar gashi, shi ne kuwa ya fi kisa. Wannan ba faɗa ba ne. Asalin kaza tsuntsuwar kurmi ce ta ƙasar Indiya da ƙasashen da ke gabas da ita, 'yan'uwanta na jeji suna can har yanzu. Masu bincike sun lura irin waɗannan su kan ci fiye da rabin yininsu suna tono suna tsince-tsince. Halin nan yana cikin jinin kowace kaza. In aka kulle ta a kan siminti ko busasshiyar ƙasa, ta cinye abincinta cikin ɗan lokaci, bakin nan ba ya zama banza. Abin da ke kusa shi za ta taɓa, watau gashin 'yar'uwarta. Ta kan soma a baya, ko gindin wutsiya, ko kewayen dubura.

Ga kuma abu biyu da su ke ƙara wa wutar mai. Ja yana jan idon kaza ƙwarai, da ta ga jini ba ta iya ƙyalewa. Sa'an nan kaji masu koyi da juna ne. Sau da yawa ɗaya ko biyu ne su kan fara, amma cikin 'yan kwanaki garke duka ya koya. Domin wannan ba a jiran gobe.

Zafi ma yana da hannu. Zafin jikin kaza wajen 41 ne a ma'auni, ba ta kuwa yin gumi kamar mutum. Haki ta ke yi, ta buɗe fukafukai. A ƙasar Sakkwato da bazara, watau daga Maris zuwa Mayu, zafin rana ya kan wuce 40. Ku tuna da kanku cikin motar kasuwa a watan Afrilu, an cusa mutum bisa mutum, ba iska. Ko mai haƙuri ya kan yi faɗa.

MISALI DA LISSAFI

Bari mu ɗauki misali. A ce wata uwargida a Goronyo ta ɗauki kuɗin adashenta ta sayi 'yan tsaki 40. Ta share wani ɗan ɗaki mai rufin kwano, tsawonsa mita 2, faɗinsa mita 2, ta zuba su. Da fari ɗakin ya yi musu yawa, suna ta guje-guje, tana murna. Sun yi wata ɗaya lafiya. Wajen mako na shida sabon gashi yana ta fitowa, shi kuwa sabon gashi da jini a gindinsa. Jikinsu ya riɓanya sau da yawa, amma ɗakin bai ƙaru ko taƙi ɗaya ba, kaskon abinci yana nan guda, na ruwa guda. A mako na takwas ta ga jini na fari.

To, ina kuskuren? Ta ƙirga kaji, ba ta ƙirga wuri ba. Ga ƙa'idar da za ku riƙe. Ku auna fili mita 1 tsawo, mita 1 faɗi, watau wajen dogon takun babban mutum ta kowane gefe. A ƙasa mai zafi irin tamu wannan fili zai ɗauki 'yan tsaki wajen 20 har su yi wata ɗaya, wajen 10 har su yi wata biyu, amma manyan kajin da ke kulle dare da rana 3 kaɗai zai ɗauka, in ya yi yawa 4. Ɗakin uwargidan nan fili 4 ne irin wannan. Ashe wurin manyan kaji 12 ne, iyaka 16. Ita kuwa 40 ta zuba. Tun ran da ta saye su ya kamata ta san inda sauran za su koma. Ba a fafe gora ranar tafiya.

JIYYAR KAZAR DA AKA SARA

In kun ga jini, ga abin da za ku yi bi da bi.

1. Ku fid da ita nan da nan. Wannan shi ne rabin magani. Ku kife ta da babban kwando a inuwa, inda iska ke shiga, inda kuma za ta riƙa jin muryar sauran, gama kaza ba ta son kaɗaici.

2. Ku tsai da jinin. Ku danna wurin da tsumma mai tsabta na ɗan lokaci. In sabon gashi ne ya karye yana ta zub da jini, ku kama gindinsa ku cire shi gaba ɗaya, sa'an nan ku danna.

3. Ku wanke mikin da ruwan gishiri. Ku tafasa ruwa rabin lita, watau daidai abin da ledar ruwan sha guda ke ɗauka, ku zuba ƙaramin cokali ɗaya na gishiri, ku bari ya huce. Ku sa almakashi ku rage gashin da ya manne da jini a kewaye.

4. Ku shafa aidin, irin wanda a ke samu a kantin magani. Da can an saba shafa shuɗin maganin nan da a ke kira Ji-Bi, domin yana ɓoye jan miki. Amma a 2019 hukumar lafiya ta ƙasar Kanada ta yi gargaɗi a kansa, aka janye shi daga kasuwa a can, domin an ga alamar yana iya jawo ciwon daji. Tun da kazar nan ci za a yi, aidin ya fi.

5. Ku tsare ta daga ƙuda. Ku yafa wa kwandon tsohon gidan sauro. Ƙuda ya kan yi ƙwai a miki, cikin kwana ɗaya tsutsa ta fito, musamman da damina. Ku duba safe da yamma. In kun ga tsutsa, ku cire su ɗaya ɗaya, ku sake wankewa.

6. Ku ba ta ruwa mai sanyi da abinci mai kyau. Dafaffen ƙwai da aka marmasa, ko ɗan garin kifi, yana taimakon jiki ya cike.

7. Kada ku yi garajen mai da ita. Sai mikin ya bushe sarai, ba sauran ja, gashi ya soma rufe wurin. Ya kan ɗauki mako ɗaya ko biyu, wani lokaci fiye. Ku fara ajiye kwandonta kusa da su kwana biyu suna ganin juna, sa'an nan ku sa ta cikinsu da dare bayan sun kwanta. Da safe ku tsaya ku gani.

Akwai wadda jiyya ba za ta yi mata amfani ba. In an huda ciki har hanji ya fito, ko ta kasa tsayawa, ta ƙi ci ta ƙi sha, ku yanka ta tun tana da rai. Wannan tausayi ne gare ta, ceton nama ne kuma gare ku.

Bayan haka ku nemi mai laifi. Ku ɗauki kujera ku zauna bakin akurki shiru kamar rabin sa'a. Za ku ga wadda ke bin bayan sauran tana ja, ku kuma duba bakin da ke da jini. Ku ware ta kwana huɗu ko biyar. In ta komo ta ci gaba da halinta, tukunya ko kasuwa. Sabo da kaza ba ya hana yanka ta.

ABIN DA BA ZA A YI BA

Kada ku shafa baƙin man mota, ko kananzir, ko garin batir, ko barkono. Waɗansu su kan yi haka wai domin sauran su ji ɗaci su bari. Waɗannan suna ƙona tsoka, suna hana miki warkewa, gubar waɗansunsu kuwa ta kan shiga jikin kazar da 'ya'yanku za su ci.

Kada kuma ku fasa kafso ku zuba a ruwan kaji. Kafso ba ya faɗaɗa ɗaki. Maganin ya kan saura cikin ƙwai da nama na waɗansu kwanaki, yawan ba da shi barkatai kuwa yana sa ƙwayoyin cuta su saba da shi, har ran da mutum zai bukace shi ya ƙi ci. In miki ya kumbura yana ɗoyi, malamin dabbobi ne zai faɗi irin maganin, da yawansa, da kwanakin da za a jira kafin a ci ƙwai ko nama.

GYARAN AKURKI

Yanzu mun zo kan tushen cutar. Abu shida ne za ku duba.

Wuri. Ku auna, ku ƙirga, ku yi lissafi. In kajin sun fi wurin, hanya biyu ce, ko a ƙara wuri ko a rage kaji. Ƙarin wuri ba lalle sai da bulo ba. Darnin kara a jikin akurki, da rumfar zana a bisa, da tsohuwar koma ko ragar waya domin shirwa, ya isa su yini a ciki. In ba fili, ku sayar da waɗansu, ku fara da zakaru. Zakara ɗaya ya isa kaji 10. In sun yi yawa su kan yi ta faɗa, su kuma goge bayan kaji da hawa. Na san sayarwa tun ba su kai ba yana da ciwo, amma ƙwai a baka ya fi kaza a akurki. Kaji 15 masu ƙiba sun fi 40 masu miki daraja a kasuwa, sun kuma fi su sauƙin ci da wa. Zabi da agwagi da talotalo kowanne da wurinsa, ƙanana kuma dabam da manya. Ku gicciya sanduna domin hawa da kwana, taƙi ɗaya ga kowace kaza. Ku jingina guntun zana ko tsohon kwando a tsakiya, domin wadda aka kora ta sami abin ɓuya.

Iska da inuwa. Rufin kwano tanda ne da bazara. Ku shimfiɗa kara ko ciyawa a bisansa. Ku buɗe tagogi biyu masu duban juna, ku sa musu raga. In da hali, akurki ya zama a gindin dogon yaro. Da hunturu ku rufe gefen gabas da arewa inda iska ke bugowa, amma kada ku toshe ko'ina. In kun shiga kun ji warin kashi yana yajin ido, kajin sun riga ku ji.

Ruwa. Babbar kaza ta kan sha wajen kwatan lita a yini, da bazara kuwa ta kan ninka. Ku sa mazubi biyu ko uku nesa da juna, a inuwa, ku sake ruwan da tsakar rana. Kwatarniya ta fi roba riƙe sanyi. Inda akwai 'yan tsaki ku sa duwatsu a ciki kada su nutse.

Abinci. Ku ƙara kasake har dukansu su iya ci gaba ɗaya, kowace da wuri kamar faɗin tafin hannu. In kasko ɗaya ne, manya su kan tare shi, ƙanana su kwana da yunwa. Sa'an nan ku duba abin da ke cikin kaskon. Gashin kaza kusan dukansa abin gina jiki ne, irin wanda ke cikin nama da wake. Gero da dawa da masara suna da wajen kashi 10 cikin 100 na wannan, kaza mai ƙwai kuwa tana bukatar wajen 16. Da tana sake, fara da gara da tsutsa su ke cike gurbin. In an kulle ta da tsaba da dusa kaɗai, sai ta soma cin gashi. Alamar ita ce ku duba ƙasa ba ku ga gashi ko ɗaya ba, alhali bayan kajin a fige ya ke. Ga haɗi mai sauƙi: cikin awo 10, tsaba 6, dusa 2, dakakken ƙuliƙuli ko soyayyen waken suya 2. Waken suya lalle a soya shi, gama ɗanye yana hana narkewar abinci. Ku da ke kusa da ruwan Goronyo da gulbi, ku roƙi masunta ƙananan kifi da kawuna, ku shanya ku daka. Ɓawon ƙwai ku gasa, ku daka lilis, ku ba masu ƙwai. Rashin gishiri ma yana sa sara, amma kaɗan a ke so, rabin ƙaramin cokali ga kilo ɗaya, gama yawansa guba ne ga kaza. In ƙuliƙulin da gishirinsa, kada ku ƙara. Ku kuma yi hankali da mai fumfuna. A 1960 'yan talotalo wajen 100,000 suka mutu a Ingila saboda garin gyaɗa mai fumfuna, daga nan ne aka gano gubar da ke cikinta.

Aikin yi. Ku ba bakin nan abin da zai taɓa. Ku shimfiɗa ɓuntun shinkafa mai kauri a ƙasa, abin da ba ya wuyar samu a Wurno, ko ƙaiƙayi, ko dusar katako. Da yamma ku watsa 'yar tsaba a ciki su yi ta tono. Ku rataye damin zogale, ko rama, ko harawa, ko ɓawon kabeji daga lambu, daidai inda sai sun ɗan miƙa wuya. Ganyen albasa kada ya yi yawa, gama ya kan ba ƙwai wari. Ku cika tsohuwar tukunya da busasshen kashin shanu da kara, ku yayyafa ruwa, ku kife ta a hanyar gara, da safe ku juye musu. Ku ajiye babban kasko na rairayi da toka domin birgima. Wannan yana rage ƙuma da ƙwarƙwata, su kuwa ƙaiƙayinsu yana sa kaza ta tsattsage kanta har ta yi jini. Shimfiɗar da ta jiƙe ku kwashe, taki ce mai kyau ga lambu.

Duhu. Haske mai ƙarfi yana ƙara sara. Masu barin ƙwan lantarki ko fitilar sola a kunne har gari ya waye wai domin kaji su yi ta ci, ku bari, kaza ma tana bukatar dare. Wurin yin ƙwai ya zama da duhu, guda ga kaji 4 ko 5. Tsohuwar tukunya da aka kwantar a lungu ta isa. Dalili kuwa, sa'ad da kaza ta yi ƙwai duburarta ta kan ɗan fito ja kafin ta koma. In a fili ta yi, sauran suna gani, nan ne kuwa saran da ya fi kowane kisa ya ke farawa. Ku fi sa ido a kan sagara, watau budurwar kaza mai fara ƙwai, da wadda ƙiba ta yi wa yawa.

ZANCEN YANKE BAKI

Waɗansu su kan tambaya, "Ba sai a datse musu baki a huta ba?" Gaskiya ne a manyan gidajen gona a kan rage tsinin baki, amma waɗanda suka koya ne su ke yi, da na'ura, tun kajin suna ƙanana. Bakin kaza ba farce ba ne, yana da jini da jijiya. Wanda ya sa reza ko wuƙa mai zafi ga babbar kaza ya kan bar ta da ciwo, ta kasa ci, ta rame. Ƙasar Norwe ta hana wannan aiki tun 1974, Suwidin kuma a 1988, suna kuwa kiwon kaji har yau. Wanda ya gyara abu shida ɗin nan da wuya ya bukaci wuƙa.

SA'AD DA ZA A KIRA MALAMIN DABBOBI

Cunkoso ba sara kaɗai ya ke kawowa ba, shi ne kuma dokin annoba. Kazar da aka sara idonta garau ya ke, tana ci in ta sami sarari. Amma in kun ga kaji suna gyangyaɗi, suna koren zawo, suna numfashi da ƙyar, wuya yana murɗewa, ko suna mutuwa da yawa farat ɗaya, wannan wani abu ne dabam. Yana yiwuwa annobar nan ce da likitoci ke kira Niyukasil, ko murar tsuntsaye, wadda aka fara tabbatarwa a Nijeriya a jihar Kaduna a watan Fabrairu na 2006. Kada ku ci, kada ku kai kasuwa, kada yara su taɓa. Ku binne matattun da zurfi, ku wanke hannu da sabulu, ku gaya wa ofishin dabbobi na ƙaramar hukuma. Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato ma tana da asibitin dabbobi. Niyukasil ba ta da magani, amma tana da rigakafi, cibiyar binciken cututtukan dabbobi ta Vom kusa da Jos tana yinsa. Maƙwabta su haɗa kai a yi wa kajinsu rana ɗaya kafin hunturu. Baƙuwar kaza kuma ta yi mako biyu a ware kafin a haɗa ta da na gida.

AIKIN WANNAN WATA

Kada ku ajiye wannan takarda ku ce sai an ga jini. Gobe da safe ku ɗauki igiya ku auna akurkinku, ku ƙirga kajinku, ku sa ɗan makarantar gidan ya yi lissafi. Ku kama kaji uku ku buɗe gashin bayansu da na gindi ku duba. In akwai maƙwabciya wadda ba ta iya karatu ba, musamman cikin waɗanda suka baro ƙauyensu, ku karanta mata, ku taya ta kafa darni.

TAMBAYOYI

1. Mene ne bambanci tsakanin saran neman girma da figar gashi? A wane sashin jiki kowanne ya kan sauka?
2. Ɗaki mai tsawon mita 3 da faɗin mita 2, manyan kaji nawa zai ɗauka?
3. Wane abu ne na fari da za a yi in an ga jini a jikin kaza? Don me?
4. Ku faɗi abu uku da ba a shafa wa miki.
5. In bayan kaji a fige ya ke, ba kuwa gashi a ƙasa, me wannan ya nuna?
6. Waɗanne alamu ne za su sa a kira malamin dabbobi?